Aikin rukuni da bakin aro

Ƴan'uwa ɗalibai, yanzu duk inda aka tara malamai don horo maganar ɗaya ce: a daina ɗura wa yara karatu kamar ana cika tulu, a raba su rukuni-rukuni su koya wa juna. Ni ban ƙi ba. Sukata tana kan yadda ake yin abin a kolej-kolej ɗinmu.

Mushe ya shigo, ya ce a juya benci, shida-shida. Ya ba da aiki, sannan ya kafa sharaɗi: Faransanci kaɗai. To, an gama. Yaro ɗaya, galibi wanda ake Faransanci a gidansu, ya karɓe biro, sauran biyar su zuba masa ido. Ƴan mata ma sai su koma gefe. A ƙarshe a ba duka shidan maki ɗaya, mushe ya rubuta cewa an yi aikin rukuni. Wane rukuni? An dai sauya malami ne, daga babba zuwa ƙarami.

Amma ku bi unguwannin Maraɗi ko Damagaram da dare in BEPC ya matso. Waɗannan yaran da suka yi tsit a aji, su ne tsaye gaban allo a ƙofar gida, alli a hannu, gardama kamar a fada. "Kai, ba haka ba ne! In ka ƙetare da shi wancan gefen, alamar juyawa take." Lissafin da Faransanci yake a rubuce, bayanin kuwa Hausa ce zalla, da zolaya a ciki. Ba wanda ya tilasta musu zuwa, ba maki, amma sai uwaye sun kore su kwana.

Dalilin, a ganina na mai karatun harshe, ba ɓoyayye ba ne. Wanda yake laluben fahimta yana buƙatar ya yi in-ina, ya faɗi rabin magana, ya janye, ya sake. Ɗan shekara 14 ba abin da yake tsoro kamar dariyar sa'o'insa. In ka ce ya yi laluben nan cikin harshen da kowane kuskuren nahawu zai jawo masa shewa, zai zaɓi shiru, kuma yana da gaskiya. Vygotsky, masanin nan na Rasha da malaman horo ke yawan ambato, ya nuna yaro na kai wa inda ba ya kai wa shi kaɗai in wanda ya ɗan fi shi ya tallafa masa. Tallafin nan da magana ake yin shi. Ko a makarantar allo, gardi da Hausa yake gyara wa ƙolo.

Za a ce ai jarrabawa da Faransanci ake yi. Haka ne. To a bar su su tattauna da Hausa, ko Zabarmanci, ko Tamashek, duk wanda rukunin ya fi ji, sannan a ciri suna ta ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya tashi ya ba da rahoto da Faransanci. Da yake ba a san wa za a kira ba, dole gwanin ya tsaya sai kowa ya gane.

Kuma ba baƙon abu ba ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka har yau akwai ajin da yaro zai raɗa wa maƙwabcinsa bayani da Hausa, mushe ya rubuta sunansa cikin masu surutu.