Sunan Harafi da Sautinsa: Sharhi a kan Yadda Ake Buɗe wa Yara Karatun Boko

1. Gabatarwa

Batun da muka kawo gaban wannan zama ƙarami ne a ido, har wani yana iya cewa bai kai a tara malaman jami'a a kansa ba. Batun kuwa shi ne: sa'ad da malamin aji ɗaya ya rubuta harafi a jikin allo, wane suna yake gaya wa yara, kuma me wannan suna yake haifarwa ranar da yaro ya zo haɗa haruffa su zama kalma?

Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa yaran ƙananan azuzuwan firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 sun nuna cewa mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba, alhali kuwa harshen da suke magana da shi ke nan tun suna goye. Dalilan wannan suna da yawa, kamar cunkoson aji da ƙarancin littattafai da rashin horar da malamai. Mu dai mun ɗauki guda ɗaya wanda gyaransa ba ya bukatar kuɗi, watau abin da yake fita daga bakin malami. Za mu duba hanyoyi uku da ake bi, mu nuna inda kowace take taimakon yaro da inda take kayar da shi.

2. Suna daban, sauti daban

Kowane harafi yana da abu uku: siffarsa da ido yake gani, sunan da ake kiransa da shi, da sautin da yake wakilta a cikin kalma. Da suna ake zancen harafi, amma da sauti ake karatu. Wanda ya riga ya iya karatu ya daɗe da manta cewa waɗannan abubuwa biyu ne. Yaro ɗan shekara shida kuwa, abin da aka gaya masa shi yake ɗauka, kuma a cikin sunan yake neman sautin.

Masu nazarin karatun yara a Amurka, musamman Rebecca Treiman da abokan aikinta, sun nuna haka a kan yara masu jin Ingilishi. Harafin da sunansa ya fara da sautinsa, kamar b da d, shi ya fi sauƙin kamawa. Wanda sautinsa yake ƙarshen suna, kamar f da m, yana biye. Wanda sunansa bai ƙunshi sautinsa ba, kamar w da h, shi ya fi ba su wuya. Darasin da ke ciki a fili yake: suna mai kyau tsani ne zuwa sauti, suna maras kyau kuwa tarko ne.

A nan Hausa ta yi sa'a. Tun daga ƙa'idojin da Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa shigowar haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930 zamanin Rupert East, zuwa aikin Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, an gina rubutun da kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauke da shi. Rubutu irin wannan ya kamata yaro ya kama shi cikin watanni. In ya shekara uku bai kama ba, tilas mu tuhumi hanyar da aka bi da shi.

3. Hanya ta farko: sunayen Ingilishi

Hanyar da ta fi yaɗuwa, musamman a makarantun kuɗi da azuzuwan rainon yara, ita ce a rera haruffa da sunayensu na Ingilishi: e, bi, si, di. Yaro ya haddace su tsaf, iyaye su yi murna, sa'an nan a miƙa masa littafin Hausa.

Mu dubi abin da ya same shi a wajen wasula. Harafin a an ce masa sunansa "e". Harafin e an ce masa "i". Harafin i an ce masa "ai", wanda a Hausa tagwan wasali ne mai zaman kansa, kamar a cikin "kai" da "rai". Harafin u kuma an ce masa "yu". Ke nan cikin wasula biyar, huɗu sunansu yana nuna wa yaro wani sauti dabam. Ga shi kuwa babu gaɓar Hausa da ba ta da wasali, kuma a shi ne harafin da ya fi kowane yawa a rubutunmu. Kuskuren da ya shafi a ya shafi kusan kowane layi na shafi.

Baƙaƙe ma ba su tsira ba. Harafin c sunansa "si", aikinsa kuwa a "ciki" da "cokali" yake. Harafin g sunansa "ji", sai ya shiga gonar j. Harafin y sunansa "wai", watau ya fara da sautin w. Daɗin daɗawa, wannan jeri ya kawo p da q da v da x waɗanda Hausa ba ta aiki da su, ya bar ɓ da ɗ da ƙ da 'y ba suna. Harafin da ba shi da suna kuwa yaro ba ya ganinsa a matsayin harafi, sai ya ɗauke shi b ko d ko k ne da aka yi wa ado. Daga nan "ƙafa" ta zama "kafa", "faɗa" ta zama "fada", "baƙi" ya zama "baki". Malaman jami'a da suke kukan ɗalibansu ba sa sa ƙugiya, ga inda cutar ta fara.

4. Hanya ta biyu: a, ba, ca, da

Hanya ta biyu tamu ce ta gida, kuma da ita da yawa daga cikinmu muka koyi karatu. Ana kiran kowane baƙi da sautinsa haɗe da wasalin a: ba, ɓa, ca, da, ɗa, fa, ga. Bayan haka a bi shi da sauran wasula: ba, be, bi, bo, bu. Lalle wannan ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Kowane suna ya fara da sautin harafinsa, masu ƙugiya sun sami gurbi, kuma gaɓar baƙi da wasali ita ce mafi yawa a harshen.

Amma tana da rami, kuma yaro mai rauni shi yake faɗawa ciki. Sunan "ba" gaɓa ce cikakkiya. In ba a gaya wa yaro cewa wasalin da ke cikin sunan aro ne ba, sai ya zaci harafin b shi kaɗai "ba" yake cewa. Ranar da ya ga b da i, ya karanta "ba-i", ko "bai". Yaro mai kaifin basira yakan gano gaskiya da kansa cikin 'yan kwanaki. Mai rauni yakan koma hadda, ya iya rera ba, be, bi, bo, bu a jere, amma in an nuna masa "bo" ita kaɗai sai ya faro daga farkon layi yana ƙirgawa.

Babban ramin yana wajen rufaffiyar gaɓa. Gaɓoɓin Hausa iri uku ne: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, da baƙi da wasali da baƙi. Jadawalin ba, be, bi bai san da iri na uku ba. Saboda haka yaron da ya tashi a kansa, in ya ga baƙi a ƙarshen gaɓa sai ya mayar masa da wasalin sunansa. "Malam" ya koma "malama". "Gidan" ya koma "gidana", "yaron" ya koma "yarona", "kan" ta koma "kana". Abin lura shi ne duk waɗannan kalmomi ne na Hausa sosai, don haka kunnen yaron ba zai gaya masa ya yi kuskure ba, ma'ana ce kawai ta sauya. Haka kuma yake tuntuɓe a kan baƙi mai ƙarfi: "hannu" ya zama "hananu", ko kuwa ya tsallake ɗaya, "babba" ya zama "baba". Idan muka tuna yawan -n da -r na mallaka da na nasaba a cikin zancenmu, za mu ga cewa da wuya yaro ya ƙare jimla ɗaya bai gamu da wannan gaɓa ba.

5. Hanya ta uku: sauti zalla

Hanya ta uku ita ce ta koyar da sauti tun farko, a jinkirta suna. Muhawara a kanta ta daɗe a ƙasashen Ingilishi, tun littafin Jeanne Chall na 1967, har rahoton kwamitin karatu na Amurka na 2000 da rahoton Rose na Ingila na 2006, waɗanda suka goyi bayan koyar da sauti bisa tsari. Ta shigo makarantunmu ta shirye-shirye irin su Jolly Phonics, mai koyar da sautuka 42 na Ingilishi, wanda yake farawa da s, a, t, i, p, n.

Asalin hanyar daidai ne, kuma ita ce maganin ramin da muka ambata. Inda muke da ja shi ne ɗauko jerin da aka tsara domin Ingilishi a kai shi darasin Hausa. Harafin p, alal misali, yana cikin shidan farko domin Ingilishi yana gina kalmomi da yawa da shi. Bahaushe kuwa ba ya bambanta p da f a harshensa, a yammacin ƙasar Hausa ma "hwari" ake cewa inda Kano take cewa "fari". Sa'an nan akwai wahalar furuci: m da n da s ana iya jan su ba wasali, amma b da d da k da t ba sa jawuwa. Malamin da ba a horar ba sai ya ce "bu", "du", "ku", ya koma gidan jiya da wani wasalin aro, wanda ma bai kai a amfani ba.

6. Abin da makarantar allo ta riga ta sani

Kafin mu nemi magani a waje, ya kamata mu waiwayi gida. Kalmomin "baƙi" da "wasali" da muke aiki da su a boko daga makarantar allo muka aro su. A can ana fara wa yaro da babbaƙu, watau baƙaƙe tsirara, da sunaye masu bayyana siffa kamar ba guje, nun guda, lam jaye da ha kuri. Bayan nan a shiga farfaru, inda ake ɗora wasula. Ba muna cewa a kwaso waɗannan sunaye a kai boko ba ne, gama siffa suke nunawa, kuma nufinsu karatun Larabci. Abin da muke so a lura da shi shi ne almajiri bai taɓa zaton baƙi da wasali abu ɗaya ne ba. Bugu da ƙari, baƙin da ba shi da wasali yana da alama da suna a wurinsa, watau ɗauri. Boko ba shi da alamar ɗauri. Rashin wasali kawai yake nuna shi, kuma yaro ba ya ganin abin da babu sai an nuna masa. Yara da yawa suna zuwa aji ɗaya da wannan kalma a bakinsu, malamin boko bai taɓa tambayarsu ba.

7. Shawarwari da kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawara kamar haka. Na farko, a darasin Hausa a kira harafi da sunansa na Hausa, a bar sunayen Ingilishi sai darasin Ingilishi, kuma a gaya wa yara a fili cewa harsuna biyu ne suke tarayya a kan siffa ɗaya.

Na biyu, ranar da aka ba da suna a ba da sauti, a ce: sunansa "ma", amma in an ɗaure shi "m" yake cewa. A fara da a, m, n, s, domin baƙaƙen nan uku suna jawuwa. Da su kaɗai yaro zai karanta mama, nama, sama, masa, mana, da kuma nan da sam, watau ya gamu da rufaffiyar gaɓa tun makon farko kafin hadda ta kama shi.

Na uku, baƙaƙen da ba sa jawuwa a nemo su a cikin amsa-kama, inda harshen da kansa yake furta su a ɗaure: ɗaya tak, fari fat, duka kaf. Yaro ya san waɗannan tun daga gida.

Na huɗu, a raba b, d, ɓ da ɗ da tazarar makonni. Siffofi huɗu ne masu kama da juna, kuma kawo su a jere kamar yadda abacada ta jera su zalunci ne ga mai rauni. Haka nan sh da ts a koyar da kowanne a matsayin sauti ɗaya mai haruffa biyu.

Na biyar, kada a ɓoye wa yaro cewa rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo siffarsu ɗaya, haka "wuya" ta jiki da ta wahala, jimla ce take raba su. Saboda haka kada darasi ya ƙare a kan gaɓoɓi ba tare da an karanta jimla mai ma'ana ba.

A ƙarshe muna roƙon malaman kwalejojin ilimi da ke wannan zaure su gwada abu ɗaya. Su rubuta "malam" da "gidan" da "hannu" a takarda, su miƙa wa yaron aji biyu da ake cewa ba ya ganewa, su saurari yadda zai karanta. In ya ce "malama" da "gidana", to yaron ya koyi abin da aka koya masa daidai, gyaran yana wajenmu.