Ƙaddara ce ko sakacin koci?

Har gobe magoya bayan jami'ar Alabama ta Amurka na musu kan Tua Tagovailoa, tsohon mai jefa musu ƙwallo a wasan nan da ake yi da hular kwano. Shi ne ya taso daga benci a Janairun 2018 ya ci musu kofin ƙasa a kan Georgia. A Nuwamban 2019, suna gaban Mississippi State da 35 da 7, dab da hutun rabin lokaci, aka danne shi kwatangwalonsa ya goce. Bai sake buga wa jami'ar ba.

Masu kare koci Nick Saban sun ce ƙaddara ce, yaron ma yana son wasan. To wane yaro ne zai ce a cire shi? Ko wata guda bai cika da tiyatar idon sawu ba, ga wasa an riga an ci. A lokacin, koci na ɗibar miliyoyin daloli, ɗalibi ko albashi babu. A ganinmu alhakin na kan babba.

Darajar Tua ba ta faɗi ba, Miami ta ɗauke shi a 2020. Amma masu horar da yaran unguwarmu su kula: in yaro na ɗingishi, a zaunar da shi, ko da zai yi fushi.