Yadda ake cusa wa aisi karatu da na'urar haɗin hannu

Wanda ya taɓa kai talabijin gyara ya san kalmar nan ta masu gyara, "sai an yi wa aisi filashin". Abin da suke nufi shi ne a goge abin da ke cikin ƙwaƙwalwar a rubuta sabo. Akwai na'urar yin haka a kasuwa, irin su TL866, ka saya ka jona kawai. Ni dai waɗanda suke burge ni su ne masu zama su haɗa tasu da hannu, a kan allon gwaji, da 'yan wayoyi masu launi-launi.

Wanda ya yayata wannan haɗi shi ne Ben Eater, Ba'amurken da ya gina kwamfuta sukutum a kan allunan gwaji yana nunawa a YouTube. Ƙwaƙwalwar da ya yi aiki da ita, AT28C16, tana da ƙafafu 24. Ka ɗauke ta kamar gidan haya mai ɗaki 2,048, kowane ɗaki na cin bit 8, kuma ko an ɗauke wuta ba ta mantuwa. Kafin ka ajiye abu sai ka faɗi lambar ɗaki da ƙafafu 11, ka miƙa kayan ta ƙafafu 8, sannan ga wasu 3 na ba da umarni. Ka ga 22 ke nan. Shi kuwa Arduino Nano, ɗan allon da zai sarrafa aikin, in ka cire ƙafafu biyun da yake magana da kwamfuta da su, 18 suka rage masa. Zani bai kai ba.

A nan gwanintar take. Sai a kawo ƙananan aisi guda biyu, 74HC595, a jera su ɗaya bayan ɗaya. Arduino yana tura musu lambar ɗakin bit ɗaya bayan ɗaya ta waya guda, kamar masu miƙa bulo a wurin gini, waya ta biyu tana buga musu lokaci, ta uku kuma ta ce "to, ku saki", sai duk su bayyana a tare. Da wayoyi 3 an samu 16. Goma sha ɗaya sun tafi lambar ɗaki, ɗaya ta riƙe umarnin karantawa, har da rarar huɗu. Rarar nan ma ba asara ba ce, domin ranar da ka koma kan babbar yayarta, AT28C256 mai ɗaki 32,768, ita za ta cike maka cif.

Sai rubutun kansa, wanda ke son haƙuri. Ana sauke ƙafar umarnin rubutu ƙasa na kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, a mayar da ita, sannan a dakata milisakan 10 aisin ya gama haɗiya. Mai gaggawa da ya tsallake jiran nan zai tarar da ɗakuna sun cika da shirme. A haka cika ƙwaƙwalwar gaba ɗaya sakan 20 ne da ɗoriya. Magabata sun fi shan wuya: ƙwaƙwalwar EPROM da Dov Frohman ya ƙirƙiro a kamfanin Intel a 1971 tana da ɗan gilashi a bayanta, sai an gasa ta a hasken fitila ta musamman kafin ta goge.

Gwani ba ya yarda da aikinsa sai ya sake karantowa. Zai sa allon kwamfuta ya jero masa abin da ke ciki, layi-layi. Ɗakin da ba a taɓa ba FF yake nunawa, wanda aka rubuta kuma ya dawo da abin da aka ba shi. In lamba ɗaya ta saɓa, yawanci waya ce ta sauka a ramin maƙwabciyarta, sai a bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

In za ka gwada, duba ɗan tsagin da ke kan aisin kafin ka ba shi wuta. Bolt 5 kawai yake ci, amma in ka juya shi baibai, da ƙyar zai sake moruwa.