Kari da Amsa-amo a Waƙar "Tutocin Shehu"

Kuskuren da ɗalibi ya fi yawan yi wajen nazarin rubutacciyar waƙa shi ne auna ta da ido. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya nufin birni, gaɓarta ta farko sassauƙa (v –), tana kuma iya nufin garin tuwo, duka gaɓoɓinta biyu nannauya (– –). Saboda haka wanda bai furta ɗango da baki ba zai iya ɗora wa mawaƙi laifin karya kari alhali shi ne ya karanta ba daidai ba.

Waƙar "Tutocin Shehu" ta Mu'azu Haɗeja misali ce mai kyau. Jigonta shi ne jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 da mutanen da aka bai wa tuta. Karinta Rajaz ne, ɗaya daga cikin karuruwan arulin Larabci da Halilu ɗan Ahmadu ya tsara a Basra a ƙarni na 8. Asalin ƙafar Rajaz ita ce Mustaf'ilun (– – v –), kamar a ce "ƙofar gida". Sai dai zihafi yakan sauƙaƙa gaɓar farko ta koma (v – v –), kamar "cikin gida". Wannan ba aibi ba ne, dama ce da aruli ya bayar, kuma ita ke hana waƙa zama salon ɗaya mai gundura.

Wajen amsa-amo, sai ɗalibi ya bambanta iri biyu: ƙarami, wanda ke haɗa ɗangogin cikin baiti yana sauyawa daga baiti zuwa baiti, da babba, wanda ke rufe kowane baiti har ƙarshen waƙa. Haka nan ya lura da karin sautin gaɓar ƙarshe, domin Ɗalhatu Muhammad ya nuna a 1980 cewa mawaƙan Hausa sukan daidaita shi.

Daga nan ne ake gano yanayi. Gajeren ɗangon Rajaz yana tafiya da sauri kamar takun runduna, shi ya sa ya dace da jeranta sunayen mazaje. Da marsiyya ce, da wannan hanzari ya rage mata nauyi.

Abin da ake so ga ɗalibi shi ne ya ɗauki baiti uku, ya rera su, sannan ya yanka su gaɓa-gaɓa kafin ya yanke hukunci.