Jaket Ɗin Kwanan Dutse: Sikeli Ba Ya Jin Sanyi

Wata ɗabi'a ta kama masu kwana a tanti a duwatsun Birtaniya da sauran ƙasashen Turai, kuma ta fara damuna. Kowa ya sayi ɗan sikelin kicin, ana ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya ana ƙirga giram. Cokali a auna, fitila a auna, har buroshin haƙori akwai masu yanke masa mariƙi don ya rage nauyi. Wannan duk bai dame ni ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Inda na ja daga shi ne da aka kawo sikelin nan kan jaket ɗin sanyi, har ya zama abin alfahari mutum ya ce nasa bai kai giram 250 ba, kuma da shi zai je ya kwana cikin dusar ƙanƙara a watan Janairu.

Wannan tunani na rage kaya yana da asali mai kyau. Ba'amurken nan Ray Jardine ne ya yaɗa shi da littafin da ya fitar a 1992 kan doguwar hanyar ƙafa ta Pacific Crest, wadda ta tashi daga iyakar Meziko har iyakar Kanada, sama da kilomita 4,200. Wanda zai yi wata huɗu ko biyar yana taka wannan hanya, lallai duk giram ɗin da ya rage gwiwarsa ce za ta gode masa. Sai dai masu bin ta galibi tsakanin Afrilu da Satumba suke tafiya, rana doguwa, dare gajere, mutum yana tsayawa ya ci abinci ya shige jakar barci. An ɗauko darasin wannan yanayi an kawo shi tsakiyar sanyin arewacin Sikotilan, inda lissafin ya sha bamban.

A duwatsun Cairngorm, cikin Disamba, rana kan faɗi wajen ƙarfe uku da rabi na yamma, ba ta sake fitowa sai kusan tara na safe. Dare ne na kimanin awa goma sha bakwai, kuma babu mai barcinsa duka. Za ka kafa tanti, ka narka ƙanƙara don samun ruwan sha, wanda shi kaɗai kan ci awa guda, ka dafa abinci, ka yi alwala, ka yi magariba da isha'i, da asuba kuma ka sake fita cikin duhu. Duk waɗannan a tsaye ko a zaune ake yin su. Jikin da ke hawan dutse da jaka a baya yana fitar da zafi ninki biyar ko fiye da na jikin da ke zaune, shi ya sa a kan hanya ko da rigar ulu ɗaya da ta kare iska sai ka ji gumi. Kana tsayawa wutar ta mutu, gumin nan ya juya ya zama abokin gaba. Jaket ɗin kwanan dutse na wannan lokacin ne. Wanda ya zaɓe shi da tunanin yadda zai ji a cikin jaka, ya manta awannin da zai yi a jikinsa.

Jaket ba ya samar da ɗumi, ɗumin jikinka yake tsarewa, kuma da iska yake tsare shi. Duk wanda ya ga tattabara da sanyin safiyar hunturu ta kumbura gashinta ta zama kamar ƙwallo ya ga yadda abin yake: iskar da ta maƙale tsakanin gashin, ba ta motsi, ita ce bargon. Gwargwadon kaurin wannan iska, gwargwadon ɗumin. Shi ya sa har yau ba a sami abin da ya doke lallausan gashin ƙirjin agwagwa da dinya wajen ba da ɗumi mai yawa da nauyi kaɗan ba. George Finch ya yi yunƙurin hawan Eberest a 1922 sanye da kwat ɗin da aka cusa wa irin wannan gashi aka rufe da yadin balan-balan. Abokan tafiyarsa sun yi masa dariya da farko, amma ya wuce mita 8,300. Eddie Bauer na Siyatil a Amurka shi ya yi rajistar jaket mai ɗinkin gida-gida a 1940, bayan sanyi ya kusa kashe shi a wata fitar kamun kifi. Duka biyun tsoron mutuwar sanyi ne ya sa su ƙirƙira.

Yanzu ga inda ake ruɗa mai saye. A hannun jaket ko a takardarsa za ka ga an buga lamba da manyan baƙaƙe: 700, 800, 900. Wannan ita ce lambar kumbura, wadda masu kanti ke kira fil pawa. Ana ɗaukar giram 28 na gashin a zuba a wani bututu a ga faɗin wurin da zai cika. Wanda ya fi kumbura shi ke samun babbar lamba. Lambar tana faɗa maka ingancin gashin. Ba ta faɗa maka yawan gashin da aka zuba a rigar ba. Wannan lamba ta biyu, nauyin gashin da ke ciki, sai ka tona kafin ka same ta, wani lokaci ma ba a rubuta ta sam. Yi lissafin da kanka. Jaket mai giram 100 na gashi mai lamba 800, ka ninka su, ka sami 80,000. Wani mai giram 250 na gashi mai lamba 650, ka sami 162,500. Na biyun, wanda lambarsa ba ta burge kowa, kuma sau da yawa ya fi araha, yana riƙe iska ninki biyu na farkon. A bakin tanti, ƙarfe shida na yamma, ma'auni ya sauka digiri 10 ƙasa da sifili, wanne kake so a jikinka?

Abin da ya ƙara dagula lamarin, jakar barci tana da gwaji na bai-ɗaya a Turai tun 2002, wanda ke sa a rubuta mata iyakar sanyin da za ta iya ɗauka. Jaket ɗin masu hawan dutse galibi ba ya zuwa da irin wannan shaida. Abin da kamfani ya ga dama shi yake rubutawa, don haka dole mai saye ya koyi karanta rigar da idonsa da hannunsa.

Ɗaga ta ka duba ta gaban fitila. Yawancin marasa nauyin nan an ɗinke yadin waje da na ciki ne wuri guda, layi-layi, don kada gashin ya gangara ƙasa. A kan kowane layin ɗinki babu gashi ko ƙwara, yadi biyu ne kawai siraran gaske tsakaninka da iska, kuma za ka ga haske yana ratsawa. Jaket ɗin sanyi na gaske ana sa masa 'yar katangar yadi tsakanin ɗaki da ɗaki, yadda kaurin ba zai yanke ba. Wannan ɗinki ya fi tsada, ya fi nauyi kaɗan, kuma shi ne farkon abin da ake sadaukarwa idan ana tseren giram. Na biyu shi ne yadin waje. Ana yin sa yanzu siriri har kana hango gashin ta cikinsa. Tartsatsin risho ɗaya ko kaifin dutse ya isa ya buɗe masa ƙofa.

Sai maganar laima, wadda a ganina ita ce ta fi muhimmanci ga duk wanda zai kwana a duwatsun Birtaniya. Sanyin hunturun da muka sani a gida, ko na Jos ne ko na tsaunin Mambila, busasshe ne. Lebe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, amma tufa ba ta jiƙa. Sanyin Sikotilan jiƙaƙƙe ne. Ma'auni na yawo kusa da sifili, yanzu dusar ƙanƙara, an jima yayyafi, da dare numfashinka ya taru a rufin tanti ya riƙa ɗigo. Ruwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, kuma gashin agwagwa idan ya jiƙe dunƙulewa yake yi ya kwanta, ba ya bushewa a tanti. An fito da gashin da aka yi wa maganin korar ruwa, yana taimakawa, yana jinkirta jiƙewar, amma bai kawar da ita ba. Wannan matsalar ce ta sa rundunar sojin Amurka a 1983 ta nemi a ƙera mata madadin gashin da ba ya tsoron ruwa, abin da ya haifar da faibar PrimaLoft. Jaket ɗin faiba ya fi nauyi, ya fi cin wuri a jaka, kuma yana saurin lafewa bayan 'yan shekaru. Duk da haka, idan kwana biyu ko uku zan yi a Cairngorm, shi nake ɗauka, domin ko hannunsa ya jiƙe wajen alwala ko ɗibar ƙanƙara yana ci gaba da aikinsa. Gashin agwagwa na ƙasar da sanyinta ya bushe ne, irin cikin Nowe da Suwidin ko tsaunukan Alps a tsakiyar sanyi, kuma a can ba shi da na biyu.

Kada wani ya ce ai duwatsun Cairngorm gajeru ne, mafi tsawonsu bai kai mita 1,400 ba. A garin Braemar da ke gindinsu an auna digiri 27.2 ƙasa da sifili a 1982. A Nuwambar 1971 'yan makaranta biyar daga Edinbara da matashiyar da ke taimaka wa jagorarsu sun rasu a kan tudun Cairngorm bayan guguwar ƙanƙara ta rutsa da su a fili. Da zarar zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, hannu ya fara kasa jan zif, tunani ya fara rikicewa, mutum kuma ba ya gane halin da yake ciki. Babban jaket a irin wannan wuri shi ne abin da za ka saka idan ƙafarka ta gurɗe kana jiran masu ceto, ko ka lulluɓa wa abokin tafiyarka.

Ban ce siririn jaket ba shi da amfani ba. A cikin gari, ko a fitar bazara, ko a ƙarƙashin wata rigar, yana da daɗi ƙwarai, ni ma ina sa shi. Haka kuma ban ce a koma zamanin ɗaukar kaya kamar za a yi hijira ba. A rage nauyi a tukunya, a kujerar naɗewa, a tufafin canji da ba za a sa ba. Bambancin siririn jaket da na gaske bai cika wuce giram 300 zuwa 400 ba, ko nauyin ƙaramar gorar ruwa bai kai ba.

Idan ka shiga kanti, je da duk rigunan da za ka sa a dutse a jikinka, ka gwada jaket ɗin a samansu, domin a can ba za ka tuɓe komai ba kafin ka ɗora shi. Idan ya matse ka, gashin ya danne, ɗumin ya tafi. Ya zama yana da hula mai cushe da ake ɗaurewa ta rufe har haɓa, ya sauka ya rufe ƙugu idan ka sunkuya, zif ɗinsa kuma ya ja da safar hannu. In na gashi ne, nemi tambarin RDS, tsarin da aka kafa a 2014 don hana fige tsuntsaye da ransu. In na hannu za ka saya, matse shi ka saki ka ga ko zai tashi. Wanda aka daɗe da ajiyewa a dunƙule ba ya komawa yadda yake. Kuma tun da ba a fafe gora ranar tafiya, sa shi ka zauna a waje awa ɗaya a dare mai sanyi kusa da gida, ba tare da motsi ba.

Ɗan'uwa, musamman kai da ka zo ƙasashen nan karatu ko aiki kuma abokai suka fara jan ka zuwa dutse: kafin ka biya kuɗi, tambayi mai kanti giram nawa na gashi ko faiba ke cikin rigar. In ya kasa faɗa maka, mayar masa da ita ka nemi wata.