Jinjina ga Maginan Zauren Lugard

Sunan Lugard zauren yake amsawa a Kaduna, amma magina da kafintoci da leburori ne suka sha ranar aikin. Su suka kwaɓa siminti, suka jera tubali, suka hau tsani suka ɗora ƙubbar nan da ake hangowa daga nesa. Ƙubba ba ta yafe kuskure. Awo ya karkace kaɗan, damina za ta tona asiri.

A ƙarƙashin ƙubbar Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilan Arewa suka zauna, Sardauna Ahmadu Bello ya ja ragama har Arewa ta sami mulkin kai a 1959. Yau Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke wurin, masu fenti da masu gyaran rufi na riƙe da amanar magabatansu. Allah ya saka musu da alheri.