Ido Wa Ka Raina? Tarken Tsawaita Shirye-Shiryen Kokawa na Mako-Mako a Talabijin

1.0 Gabatarwa

Kokawa tana daga cikin wasannin da Bahaushe ya gada kaka da kakanni, kuma manazarta adabin baka sun daɗe suna ƙwanƙwance kirarin 'yan kokawa da takensu da waƙoƙin makaɗansu. Abin da bai samu irin wannan kulawa ba shi ne halin da wasan da harshensa suke shiga idan aka kai su akwatin talabijin, inda kuɗin talla ke yanke yawan lokacin da za a ba su. Manufar wannan takarda ita ce ta amsa tambaya guda: shin tsawaita shirin kokawa na mako-mako yana rage masa armashi saboda yawan ganinsa? Za a duba misalai biyu. Na farko shi ne kokawar Amurka, wadda aka fi sani da resilin, kuma wadda matasa ke bi a nan Jalingo ta tauraron ɗan Adam da wayoyin hannu. Na biyu shi ne gasar Takobi ta Jamhuriyar Nijar. Ra'ayin takardar shi ne, yawan sa'o'i yana da illa, amma babbar cutar ita ce shirin da ba ya hutu kuma bai nufi wani ƙarshe ba. Daga nan za a jawo darasi ga dambe da kokawar Hausa, waɗanda su ma suka kama hanyar zama hajar allo.

2.0 Resilin a Matsayin Wasan Kwaikwayo

Kafin a yi tarken resilin, wajibi ne a ajiye shi a muhallinsa. Masu shirya shi sun daɗe da amincewa cewa tsararren wasa ne: tun kafin a shiga fage an san wanda zai yi kaye da wanda za a kayar. Ƙarfin jiki da raunin da ake ji gaskiya ne, amma sakamakon rubutacce ne. Saboda haka ma'aunin da ya dace da shi shi ne na wasan kwaikwayo, wato jigo da zubi da tsari da taurari da salon sarrafa harshe.

Mai nazarin Hausa zai ga abubuwan da ya saba da su a ciki. Kiɗan da ake saka wa kowane ɗan wasa idan zai fito, aikin take yake yi, domin da jin sa 'yan kallo sun san mai zuwa. Jawabin da yake yi da lasifika a tsakiyar fage kirari ne gauraye da cika-baki da habaici ga abokin karawa. Mai sharhi kuwa ya gaji aikin sanƙira da maroƙi, yana zuga wannan yana kushe wancan. Wataƙila wannan kamanci yana cikin dalilan da suka sa resilin ya karɓu a ƙasar nan tun lokacin da gidajen talabijin na NTA suke nuna shi a shekarun 1980, kafin tashoshin SuperSport su karɓi shirye-shiryen kamfanin WWE a 2017.

3.0 Yadda Aka Yi Ta Tsawaitawa

Shirin Raw na kamfanin da a lokacin ake kira WWF ya fara ne a watan Janairu 1993, yana ɗaukar sa'a ɗaya a daren kowace Litinin. A watan Satumba 1995 kamfanin WCW ya fito da kishiyarsa mai suna Nitro, shi ma na sa'a ɗaya. Gasar da ta ɓarke tsakaninsu ita ta fara jan lokacin: Nitro ya koma sa'a biyu a 1996, Raw ya bi sahu a 1997. A watan Janairu 1998 Nitro ya zama na sa'a uku, kuma a cikin wannan wata WCW ya ƙara wani shirin mako-mako mai suna Thunder. A farkon 2000 aka mayar da Nitro sa'a biyu, a watan Maris 2001 kuma aka sayar da WCW ga abokin hamayyarsa.

Duk da wannan darasi, ranar 23 ga Yuli 2012, a shiri na 1000, Raw ya koma sa'a uku, ya kuma ci gaba a haka har zuwa Oktoba 2024. Idan aka yi lissafi, sa'a uku sau mako 52 sun ba da sa'a 156 a shekara. In aka haɗa da sa'a biyu na shirin SmackDown, wanda ya fara a 1999, jimilla ta kai sa'a 260, ban da manyan wasannin wata-wata. Babu damina babu rani, babu makon da aka ce yau an tafi hutu. Abin lura a nan shi ne, labarin bai nemi wannan ƙari ba. Tasha ce take biyan kuɗi a kan kowace sa'a domin ta sayar da talla a cikinta, marubuta kuma aka bar su da neman abin cike gurbi.

4.0 Illolin Tsawaitawa

4.1 Illa ga Jigo

Ginshiƙin labarin kokawa shi ne jinkirta haɗuwa. Ana gina gaba tsakanin gwanaye biyu, a yi ta kusantar da su ana raba su, har ɗokin 'yan kallo ya kai ƙololuwa, sannan a haɗa su. Shirin da yake da sa'a uku a kowane mako ba ya iya wannan haƙuri, domin yunwar lokaci takan tilasta masa ya ci irin da ya ajiye don shuka. Misali, ranar 6 ga Yuli 1998 WCW ya haɗa Goldberg da Hulk Hogan a birnin Atlanta a shirin Nitro na yau da kullum, bayan sanarwar 'yan kwanaki kaɗan, alhali karawa ce da za a iya share watanni ana gina ta. Wata shida bayan haka, ranar 4 ga Janairu 1999, aka nuna Hogan ya dungure Kevin Nash da ɗan yatsa, Nash ya zube, aka ce kambu ya sauya hannu. Wanda ya ƙarar da manyan karawa, dole ya koma neman abin mamaki ko ta halin ƙaƙa, kuma mamakin da ba shi da tushe a labari raina hankalin mai kallo ne. Rushewar WCW tana da dalilai da dama, ciki har da almubazzaranci da rikicin shugabanci, amma wannan ɓarnar jigo tana cikinsu.

4.2 Illa ga Harshe

Jikin ɗan Adam ba zai iya kokawar sa'a uku ba, don haka abin da ake cike gibin da shi shi ne magana da maimaita abin da aka riga aka nuna. A nan ne illar ta fi shafar masu nazarin harshe. Ƙarfin kirari yana cikin taƙaituwarsa da dacewarsa da lokaci. Ɗan kokawa yakan yi shi ne jini na tafasa, dab da karawa ko bayan kaye, a cikin 'yan jimloli masu nauyi. Idan aka mayar da shi jawabin minti goma sha biyar da za a buɗe shiri da shi kowane mako, sai ya tashi daga kirari ya koma surutu. Kalmar da ta girgiza fage a karon farko takan zama sara, daga sara ta zama abin da 'yan kallo ke amsawa don sabo kawai. Haka ma mai sharhi: idan kowane mako ya ce ba a taɓa ganin irin wannan dare ba, kambamawar takan mutu a bakinsa, ranar da abin ya faru da gaske kuma ya rasa kalmar da zai faɗa. Paul Levesque, wanda aka fi sani da Triple H, ɗaya daga cikin shugabannin WWE, ya amsa a wata hira a 2015 cewa rubuta sa'a ta uku abu ne mai matuƙar wuya.

4.3 Illa ga Taurari

Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Kwarjinin gwani yana buƙatar tazara. Ɗan wasan da ake gani sau biyu ko uku a dare ɗaya, yana karawa da mutum ɗaya mako bayan mako, yau ya yi kaye gobe a kayar da shi don kada ɗayansu ya faɗi ƙasa warwas, ƙarshenta babu wanda ya tashi a cikinsu. Ƙididdigar 'yan kallo a Amurka ta sha nuna cewa sa'a ta uku ta Raw ce ta fi rasa masu kallo. A Jalingo hukuncin ya zo ta wata fuska. Shirin yana fitowa kai tsaye ne da misalin ƙarfe ɗaya ko biyu na dare agogon Nijeriya, saboda haka abin da ya fi yawo a hannun matasa shi ne guntayen bidiyo na 'yan mintuna, waɗanda ake tura wa juna a waya. Mai kallo ya zama shi ne mai tacewa: ya tsame tsoka ya zubar da romo. Wannan kansa tarke ne, ko da ba a rubuta shi ba.

5.0 Hujjar Masu Goyon Baya

Adalci ne a kawo hujjar ɗaya ɓangaren. Ta farko ita ce ta kuɗi. Shekarun sa'a uku ba su talauta WWE ba, hasali ma a watan Janairu 2024 aka sanar da yarjejeniyar shekara 10 da Netflix ta fiye da dala biliyan 5. Ta biyu ita ce, ƙarin lokaci ya buɗe ƙofa ga waɗanda da ba sa samun fili, musamman mata, har ta kai a 2019 mata uku ne suka yi karawar rufe babban bikin WrestleMania. Hujja ta biyu tana da ƙarfi, kuma tana nuna cewa lokaci yana da amfani idan akwai sabon labarin da za a zuba a cikinsa. Ta farko kuwa amsa ce ga wata tambaya daban, domin cinikin haja da ingancinta ma'auni biyu ne. Abin lura kuma shi ne, da Raw ya koma Netflix a watan Janairu 2025, inda babu wani shiri da ke jiran a ba shi fili, sai aka daina ɗaure shi da cika sa'a uku.

6.0 Gasar Takobi ta Nijar

Misalin da zai raba gardama yana kusa da gida. Tun 1975, lokacin mulkin Seyni Kountché, Nijar take shirya gasar kokawa ta ƙasa. An yi ta farko a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Jihohi takwas ne ke shiga, kowace da 'yan kokawa goma, ana kuma zagayawa da gasar daga wannan babban gari zuwa wancan. Gidan talabijin na Télé Sahel da rediyon ƙasa suna watsa ta kai tsaye har kimanin kwana goma, safe da yamma. Idan tsawo kaɗai ne cuta, da wannan gasa ta fi Raw gundura, domin abin da take nunawa a yini ɗaya ya fi sa'a uku. Amma ga shi kasuwa da ofis da tasha duk hankali yakan koma kanta.

Dalilai uku ne suka bambanta ta. Na farko, tana da zubi mai tsukewa: wanda aka kayar ya fita daga neman takobi, don haka kowace rana adadin waɗanda ba su faɗi ba yana raguwa, ɗoki yana ƙaruwa. Na biyu, tana da ƙarshe, wato ranar da mutum ɗaya zai ɗaga takobi. Na uku, bayanta akwai shekara guda ta jira, wadda a cikinta ake tauna abin da ya faru, makaɗa irin su Sagalo su sami abin waƙa, gardama ta nuna a majalisu. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi har sau shida, amma ido bai raina shi ba, domin ba kullum ake ganin sa a fage ba, kuma duk ranar da ya shiga yana iya faɗuwa da gaske.

7.0 Darasi ga Dambe da Kokawar Hausa

A gargajiyance, kaka ce lokacin dambe da kokawa, bayan an kawar da amfanin gona. Wannan tazara ta taimaka wajen gina sunaye irin su Shago da Ɗandunawa, waɗanda mafi yawan masu jin labarinsu ba su taɓa ganin su ba, a bakin Ɗan Anace suka san su. Yau gidajen dambe na birane, irin su na Kano da na Dei-Dei a Abuja, ba sa jiran kaka, kuma tashoshin YouTube irin su Dambe Warriors da kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship sun kai wasan idon duniya. Wannan ci gaba ne ta fuskar abin da ɗan wasa zai samu. Sai dai haɗarin da aka gani a resilin yana nan tafe, kuma ya fi muni, domin naushin dambe na gaskiya ne. Wanda aka tilasta wa shiga fage kowane mako don cike lokaci, ko dai ya ƙare da wuri, ko ya koyi lallaɓawa a yi turmi uku babu kisa. Bugu da ƙari, guntun bidiyon da ake yaɗawa yakan fara ne daga naushi ya ƙare a kisa, a yanke take da kirari da waƙa, waɗanda su ne rabon harshe a cikin wasan.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tsawaita shirin kokawa na mako-mako yana raunana jigo, yana tsufar da kirari, yana kuma zubar da kwarjinin taurari, musamman idan buƙatar talla ce ta jawo shi. An kuma ga, ta misalin Nijar, cewa dogon shiri yana iya riƙe mai kallo matuƙar yana tsukewa zuwa wani ƙarshe, sannan ya ba da hutu. Shawarar wannan takarda ga gidajen talabijin na jihohi, har da na Taraba, da masu shirya dambe ita ce su tsara wasanninsu zango-zango, kowane zango da farkonsa da ranar rufewarsa, su kuma bar wa makaɗa da masu kirari filinsu a cikin abin da ake nunawa. Ga sassan nazarin harsunan Nijeriya kuwa, akwai aikin gaggawa na naɗar kirarin 'yan wasan wannan zamani a fage, cikakke, tare da kwatanta shi da na magabata, domin a auna abin da allo ya rage da abin da ya ƙara.